Rufin Ajin Malam Uwaisu

Shekara ashirin da shida Malam Uwaisu ya yi yana koyarwa a firamaren ƙauyenmu, can bayan Garo, ni kuma ina bakin ƙofa da tukunyar ɗanwake, babu abin da ya wuce ni. Dokarsa ɗaya ce: yaro ba ya magana sai ya ɗaga hannu an kira sunansa. Ko fitsari ne ya matse shi, haka zai zauna da hannu sama kamar mai tsayar da motar Gwarzo.

Wata damina iska ta kwashe rufin ajinsa. Ya rubuta takarda, ya sake rubutawa, shiru. Sai tsofaffin ɗalibansa suka ce ya tsaya takarar majalisar jiha, ya je ya karɓo rufin da bakinsa. Ya ci kuwa. Wa zai ƙi shi? Rabin masu jefa ƙuri'a sun sha bulalarsa, har yau in ya yi gyaran murya sai su gyara tsayuwa.

Matarsa Hajaratu ke ba ni labari. Wai bakwai da rabi yake isa majalisa, ya tarar da masu shara. In an zauna, ya ɗaga hannu ya jira. Abokan aikinsa kuwa tun a wajen ɗaurin aure ko zaman makoki sun gama maganarsu. Na aika masa ya riƙa bin su, ya ce shi ba ya fashin aiki don shinkafar biki. Sau ɗaya aka ba shi dama, ya ɗauko tarihin makarantar tun daga kafuwarta; kafin ya iso kan rufin lokacinsa ya ƙare.

Shekara huɗu yara na karatu a gindin darbejiya. Zaɓe ya zagayo, aka tsayar da wani.

Da ya dawo ya biyo ta wajena, na zuba masa.

Na ce, "Ranka ya daɗe, in ƙara yaji, ko sai ka ɗaga hannu?"

"Marka, ke dai bakinki ba ya tsufa."

"Malam, can kai ke jira a kira ka. Nan fa kai ke kiran suna."

Ranar Juma'a ana idar da salla ya tsaya ƙofar masallaci da tsohuwar rajista, ya fara kiran suna. Badaruddeen mai shagon siminti a Kabo, da furfurarsa, ya miƙe ya ce ga shi. Malam ya ce kwanon rufi biyar, Litinin, bakwai da rabi. Haka ya bi su ɗaya ɗaya. Mai uzuri aka ce ya ɗaga hannu, ba a kuwa kira shi ba.

Kwana tara aka gama rufin ajin. Sabon ɗan majalisar, shi ma ɗalibinsa ne, ya taho buɗewa. Ya iso takwas da kwata, ya tarar Malam ya sa an kulle ƙofa. Benci na ba shi, ya ci ɗanwake har aka tashi tara.