Majanyin Motar Babanmu

Wata Laraba ce cikin ranin 1977, ina aji uku a firamare, na dawo gida da silet a hammata na tarar da mota a ƙofar zaurenmu, a ƙauyenmu da ke tsakanin Kura da Bunkure. Doguwa ce, fara, mai kujeru layi uku, ta sha hannu amma tana sheƙi. Babanmu yana zagaya ta yana shafa mata ƙeya kamar yadda ya saba yi wa shanun huɗarsa, waɗanda a ranar na gane ya rabu da su saboda ita. Yara sun yi cincirindo, ni kuwa sai kumbura nake yi, wai ni 'yar mai mota. Mutum ɗaya ce ba ta leƙo ba, kakata Iya Abu, wadda ta haifi Baba. Tana zaune a tsakar gida tana kaɗa zare, ta ce, "Abin da ba ya jin tsawa, ba ya jin lallashi, ni ba da ni ba."

Lokacin ruwan kanal, wato magudanar noman rani, bai daɗe da iso mana ba, kuma har yau in na tuna tsigar jikina tashi take yi. Ruwa yana gudu da tsakar rani! Mu da muka saba da yasar rijiya har sai an ga laka, sai ga alkama kore shar, ga tumatir ja wur, ga balbela fari fat a bayan masu ban ruwa. Ranar da babu makaranta, da safe in na gama shara da wanke-wanke sai a goya min ƙanena Sani, mu tafi bakin ruwa mu yi carabke da 'yar gala-gala har a aiko kiranmu. Hanyoyin da ke bin gefen kanal ɗin kuwa siraɗi ne, jar ƙasa da tsakuwa, ga kwana mai kaifi, hagu ruwa dama gona. Nan Baba yake bi da fasinja da kwandunan tumatir zuwa bakin titi.

To, motar nan tana da wani hali. Duk kwanar da ta sha sai ta kwanta gefe guda, mata su yi salati, kwanduna su rungumi juna. Kafin wata guda yara sun raɗa mata Mai Durƙuso, wai kowace kwana sai ta gaishe ta. A makaranta in na wuce sai su karkace kafaɗa suna tafiya, na sha kuka na sha dambe a kan haka. Abin da ya fi ci wa Baba rai shi ne uwarsa. Ranar kasuwar Bunkure sai ta ɗauki ƙwaryarta ta kama hanya a ƙafa, ya bi ta a hankali da mota yana roƙo, ko waiwaye ba ta yi. Gari kuwa ya ɗauka: ɗan da uwarsa ba ta yarda da tuƙinsa ba, wa zai ba shi tasa uwar?

Sai Baba ya kai motar wurin Malam Sule bakanike a Kura, wani tsamurmurin dattijo mai ƙarancin magana, ni ma na maƙale da goyona. Ya shiga ƙarƙashinta ya daɗe, ya fito ya ce wanda ya riƙe ta a baya ya cire mata ƙarfen balas, wata sandar ƙarfe da ke haɗa ƙafafun baya biyu don kada jiki ya rinjaya. Ya shimfiɗa buhu ya jera guda uku: siriri, matsakaici, da wani mai kaurin ƙotar fartanya. Baba manomi ne, a wurinsa igiyar da ta fi kauri ita ke riƙe sa, don haka ya nuna babban. Malam Sule ya ce wannan ya fi ƙarfin wanda ke haɗa ƙafafunta na gaba, kuma hanyarmu tsakuwa ce. Baba ya kafe. Dattijon ya ɗaura shi.

Da farko kam sai son barka, mota ta miƙe tsaf kamar an ba ta sarauta, Baba har da 'yar waƙa. Muna isa kwanar ƙarshe ta bakin kanal, daidai inda matan unguwarmu ke wanki, sai na ji bayan motar ya kuɓuce. Ba ta kwanta ba, zamewa ta yi gaba ɗaya, ƙura ta turnuƙe, muka tsaya muna kallon inda muka fito. Da na leƙa taga, ruwa na gani a ƙarƙashina, taya ɗaya tana lilo a iska. Sani ya tsala ihu a bayana. Iya Abu tana cikin masu wankin. Ta zo ta kwance shi daga bayana, ta dubi Baba ta ce, "Garba, ko ni ko ita."

Washegari Malam Sule ya zo har gida a kan kekensa, da matsakaicin ƙarfen ɗaure a baya. Bai bi ta kan Baba ba, gaban Iya ya durƙusa. Ya nuna goyon da ke bayana ya ce, "Iya, wa ya ɗaura mata majanyin nan?" Ta ce ita. Ya ce me ya hana ta tamke shi iya ƙarfinta? Ta harare shi ta ce yaro ya shaƙe kenan, yarinya ta kasa sunkuyo, in kuma an sassauta ya sulale, ai hannu ne ke sanin daidai. Ya ce, "To ɗanki jiya tamkewa ya yi." Ya ce mota ma sai ta ɗan rusuna kafin ƙafafunta su riƙe ƙasa, sai a dubi kayanta da hanyarta da ƙarfen gabanta, sannan a zaɓa mata.

Ya ɗaura matsakaicin, shi da Baba suka yi ta zagaya masussuka, fanko sannan da buhuna, yana saurare da ido a rufe. Na tsaya baki buɗe, ina mamakin ƙarfen da bai wuce babban yatsan Baba ba yana riƙe da wannan uwar mota. Da suka tsaya sai ga Iya ta fito da ƙwarya cike da kunun kanwa. Ta buɗe ƙofar baya ta zauna, ta ɗora ƙwaryar a cinya. Muka bi gefen kanal, muka sha kwanar jiya, motar ta ɗan rusuna ta miƙe, kunun ya leƙa bakin ƙwarya ya koma. Iya ta ce, "Kai ni Bunkure." Ta madubi na ga Baba yana share ido da hannun riga.

Yau hanyar ta sha kwalta a wurare da dama, motocin 'ya'yana suna shan kwana ko gezau, ba wanda ya san abin da ke ƙarƙashinsu. Iya da Baba da Malam Sule duk sun riga mu gidan gaskiya, Allah Ya jiƙansu, ina kewarsu ƙwarai. Amma duk sanda na ɗaura wa jikata majanyi, sai na zura yatsa na gwada, kamar yadda Iya take yi.