Tukunya a kan anten ɗin famfo

Jama'a, yau saura ƙiris tukunyar tuwo ta kashe mani garkar tumatir!

Kun san famfon solarmu na bakin tabki, wanda nake tadawa da saƙon waya. Da safe ina garin Ɗan Issa na tura saƙo, shiru. Na sake, shiru! Na kira Baba, ya ce, "Ko ɗigo bai fito ba, ga dashen nan ya fara langaɓewa."

Na hau moto, sai garka. Fitilar akwatin famfon mai nuna rezo, wato sabis ɗin waya, ta yi ja wur. Na kashe na kunna, ja. Na zare layin wayar da ke cikin akwatin na sa a wayata, rezo cike! Na mayar, ja. Rana sai ƙara zafi take, ganye sai kwanciya.

Na kira mai gyaran da ya haɗa mana famfon a Maraɗi. Ya ce, "Bi wayar anten, ko ɓera ya ci."

Na bi ta har gindin sandar da anten ke kai, lafiya lau. Na ɗaga kai. Tukunyar ƙarfe kife a kan anten!

"Baba, mi ne ne wannan?"

"Ni na kife ta jiya. Tsuntsaye ke ta yi mashi kashi, abu mai tsada haka."

Na sauke tukunya. Fitila ta koma koriya, ruwa ya ɓarke!

Baba ya kalli anten, ya kalle ni, ya ce, "To, in suka dawo, kai za ka riƙa wankewa."