Sallar Azahar a Kogin Saône

Asubar Asabar muka bar Montreuil da ke gefen Paris, ni da ɗana, ko karin kumallo ban yi ba. Metiro, jirgin ƙarƙashin ƙasa, ya kai mu tasha, muka hau jirgin ƙasa mai gudun nan zuwa Lyon. Na sayi shayi a ciki, da na ji kuɗinsa sai na riƙa kurɓarsa a hankali kamar magani. Ta taga gonaki ne kore shar, da fararen shanu masu ƙiba, ba makiyayi ko ɗaya a bayansu.

Ba yawon buɗe ido ya kai ni ba. Ɗana ya ce Bafaranshiya zai aura, raina bai so ba, mahaifinta kuma ya gayyace mu. Sai da muka sauka yaron ya ce, "Inna, ba gida gare shi ba fa, a jirgin ruwa yake zaune." Ni 'yar Maraɗi, da ko gulbi ya kawo ba na matsawa kusa!

Muka tarar da jirgin a bakin kogin Saône. Gajere ne, kakkaura, baƙi da ja, hancinsa a ɗage, ga ɗakin tuƙi tsaye a sama da bututun hayaƙi. Sak irin waɗanda ke jan manyan jirage a tashar Kwatano, amma wannan bai taɓa jan komai ba, don shaƙatawa aka ƙera shi. Bututun ma ado ne, tsintsiya da bokiti na gani a ciki. A ƙasa akwai gado, tebur da ɗan wurin girki.

Dattijon, mahaifin yarinyar, ya miƙo mini hannu, sai ya tuna, ya mayar da shi kan ƙirji. Shi da matarsa suka sayi jirgin, da niyyar in sun ajiye aiki su bi kogi har teku. Ta rasu kafin lokacin. Ya sayar da gida ya dawo nan, bai kuwa je tekun ba.

Da muka tashi na ƙanƙame kujera ina salati, yarinyar ta zauna kusa da ni ba ta yi dariya ba. Injin yana gurnani a hankali, muka wuce ƙarƙashin gadoji da gidaje masu launin jar ƙasa. Naman rago dattijon ya dafa mana da dankali, har unguwar Vaulx-en-Velin ya je wurin mahauci Musulmi. Babu yaji, amma na cinye.

Da azahar ta yi na rasa alƙibla, don kogin sai lanƙwasa yake. Dattijon ya tambayi ɗana, ya juya hancin jirgin gabas, ya riƙe shi cik, ruwa na tura shi, har na sallame.

Ya sauko ya ce, "Madam, 'yar nan tawa ita kaɗai ta rage mini. Kada ta zama baƙuwa a gidanki."

Na ce, "Ba za ta zama ba, in Allah ya yarda."

Da yamma muka kamo hanyar Paris, ƙasa na yi mini lilo har Montreuil. Abin da na koya shi ne, tsoron rasa ɗa da na tafi da shi, dattijon ya fi ni jinsa, amma bai hana shi karrama ni ba. Ina shiga gida na buga wa yayana waya a Maraɗi, na ce ya sanar da dangi, za mu nemi aure.