Ranar da Inna Ta Kira Sunan Habu

A ƙauyenmu na wajen Bagwai gida yana jingine da gida, gona tana jingine da gona. In an gama girbi sanyi ya shigo, bayan sallar isha'i mu yara mukan cika ɗakin kakarmu, wadda muke ce wa Iya. Takan hura wutar kara, mu zagaye ta muna binne gyaɗa a toka. Shekarun yaƙi ne, ga damina ta yi gardama, tuwo sau ɗaya a yini. Amma da Iya ta ce, "Ku matso, ga ta nan tafe," sai mu manta da cikinmu.

A shekarar ne aka ba yayana Habu hutu daga soja, ya zo ya ga gida kafin a tura su bakin daga. Habu ɗan fari ne. Saboda kunyar ɗan fari, Inna mahaifiyarmu ba ta taɓa kiran sunansa ba, ba ta haɗa ido da shi. Iya ce ta yaye shi, ita ta raine shi. In Inna ta zuba masa abinci sai ta ce da ni, "Ki kai wa wancan." Hutu ya yi ta tafiya. Ya gyara rumbu, ya yaɓe katangar da ruwa ya ci, ya zaga dangi, amma magana ko ɗaya ba ta haɗa shi da Inna ba. Na ji yana ce wa Baba, "Zan tafi inda ake mutuwa, ita kuwa ko kallona ba ta yi."

Ana gobe zai koma, sai ga shi ya sunkuyo ɗakin Iya ya zauna a cikinmu.

"Angona ya tuna da ni," in ji Iya. "An ba ka takalmi kamar turmi, ko goro ba ka kawo wa amarya ba."

"Tsohuwa, da wane haƙorin za ki ci? Ai na sake ki tun bara."

"Ja'iri. Zauna ka ji, yau taka ce."

A tsakar gida Inna tana daka masa dakuwar guzuri, muna jin taɓarya.

Iya ta ce wata zabuwa ce ta yi ƙwai, aka ɗauka aka sa wa kaza ta kwanta a kai, kamar yadda ake yi. Ɗan zabo ya tashi a bayan kaza. Kullum yana ganin zabuwa a kan rumbu, ba ta sauko ta tona masa tsaba, ba ta buɗe masa fiffike. Ya ce lallai wannan ba ta ƙaunarsa. Amma duk sanda shirwa ta kawo sura, sai ya ji wani kuka ya tashi, ya ruga ƙarƙashin rumbu. Shirwa ta kwashi 'ya'yan kaza ɗaya bayan ɗaya, shi ya tsira, yana cewa wayonsa ne. Ran da zai tafi daji sai kaza ta ce masa, "Ni na ɗumama ka, gaskiya ne. Amma ni ƙasa nake kallo. Wadda ke kallon sama dominka tana kan rumbu."

Taɓarya ta tsaya. Habu ya yi ta juya toka da kara. Mu yara muka ce tatsuniyar ba ta da daɗi, babu dodo a ciki.

Da safe ya durƙusa a ƙofar ɗakin Inna ya ce ta yafe masa. Ta juya fuska bango, ta miƙo mini ƙullin dakuwa in ba shi. Ya ɗauki jakarsa. Har ya wuce rijiya, sai muka ji murya daga bakin zaure: "Habu!" Baba ya saki carbi. Matan maƙwabta suka leƙo ta kan zana. Inna ce tsaye, babu mayafi. Ya juyo. Ta ce, "Na yafe. Ka riƙa cin abinci."

Bai dawo ba. Ko kabarinsa ba mu sani ba. Har Inna ta rasu tana cewa da ba ta yi kiran nan ba, da baƙin ciki ya riga ajali kashe ta.

Na girma ina zaton Iya don Habu ta yi tatsuniyar, ya san ana sonsa. Sai bana na gane har da mai taɓarya take, shi ya sa ta ɗaga murya a daren fiye da kullum. Na gane ne da Malam, mijina, ya fita gona da safe aka dawo da shi a kwance babu rai. Tun ina yarinya nake gidansa, mun binne 'ya'ya tare, mun aurar tare, ban taɓa furta sunansa ba. Mace ba ta kiran sunan miji. Ni babu tsohuwar da ta ɗaga mini murya, kuma ba a ba ni daren bankwana ba.

Ke jikata mai rubuta mini, tunda ni ban san baƙi ba, bar ni in share fuska. To, rubuta yadda zan faɗa, da bakina. Sunansa Isiyaku.