Kurkunu a Ƙafar Ɗan Tserena

Shekaru masu yawa baya, tun wurin nan da kuke kira Abuja yana gonakin doya da duwatsu, aka tura ni koyarwa wata firamare a wani ƙauye gaba da Karu, ta hanyar Keffi. Fitowata ke nan daga kwalejin horon malamai, kaina cike da littafi. Da hedimasta ya tambayi wanda zai riƙe darasin motsa jiki, tun bai rufe baki ba na ɗaga hannu. Ina da farin gajeren wando, ina da kambas, ina da usur. A ganina babu abin da ya rage.

Yawancin yaran 'ya'yan manoman Gbagyi ne, sai 'yan Fulani biyu ko uku daga ruga. Kafin su iso makaranta sun ɗebo ruwa, sun kai kaya gona, sun tako tafiya mai nisa ba takalmi. Su ne ni kuma na jera a fili ina koya wa yadda ake ƙarfafa jiki. Ranar farko na ce su biyo ni mu zagaya fili, kafin zagaye na biyu ni ne a baya ina haki, suna waiwayena cikin ladabi.

Duk da haka darasin ya yi amfani, ba zan ƙi faɗa ba. Yaran sun san wahala amma ba su san wasa a makaranta ba. 'Yan matan da ke raɓewa jikin bango suka fara tsallen igiya, masu gyangyaɗi a aji suka wartsake, har masu gudun makaranta suka riƙa zuwa ranar wasa. Wannan ne ya kumbura mini kai.

A aji uku akwai wani yaro siriri, bai fi shekara tara ba, ba ya magana sai an tambaye shi. Idan ya zuba da gudu sai ka ce ƙasa ce take tura shi. Da labari ya zo cewa za a yi gasar makarantun yankinmu a farkon damina, na san da shi zan yi suna. Kullum bayan an tashi sai in tsare shi ya yi ta zagaye, ni ina tsaye a inuwa ina ƙirga.

Saura kwana huɗu gasar na ga yana ɗingishi, da tsumma ɗaure a idon sawunsa. Na ce, "Me ya same ka?" Ya ce, "Ƙaya ce, Malam." Na sa ya kwance. Wani ƙurji ne ya fashe, ga wani farin abu kamar zare ya leƙo, an naɗe shi a jikin tsinke. Kurkunu ne, tsutsar nan da ake sha a ruwan kududdufi, ta girma a jiki ta ɓullo ta ƙafa. Kakarsa ce ke jan ta kaɗan-kaɗan kowace safiya. Ni ɗan birni ne, sunan kawai na sani.

Hedimasta ya duba ya girgiza kai. "Malam, cire shi daga tseren nan. Abin nan idan ya tsinke a ciki, ba za ka so ka ga abin da zai biyo baya ba." Na ce to, amma a raina na ce tsoron tsofaffi ne. Na samo bandeji a akwatin magani na makaranta na ɗaure ƙafar tam. Na tambayi yaron, "Za ka iya?" Ya ce, "Zan iya, Malam." Yau na san babu abin da zan tambaye shi ya ce ba zai iya ba.

Safiyar gasar mahaifinsa ya tare mu a bakin hanya, da fartanya a kafaɗa. Hausarsa irin ta wanda ya koya a kasuwa ce. Ya ce, "Malam, yaro ba ta da lafiya. Ka bar ta a gida." Na ce, "Baba, kallo kawai zai yi. Ba zai yi gudu ba." Ya kalle ni, ya kalli ɗansa, ya ce, "To, malam ya faɗa." Ya kauce mana.

A ƙasa muka tafi garin da ake gasar. Da aka kira masu zagaye huɗu, na dafa kafaɗar yaron na tura shi layi. Zagaye biyu yana gaba, mutane suna ihu, ni ina tsalle kamar ni ke gudun. A na uku ya faɗi. Na ga ya riƙe ƙafar da hannu biyu, bakinsa a buɗe amma ba sauti. Abin da na yi a lokacin shi ne abin da ya fi yi mini nauyi. Ban ruga wurinsa ba. Na ɗaga murya na ce, "Tashi! Tashi mana!" Kuma ya tashi. Ya ƙarasa yana jan ƙafa, shi ne na ƙarshe, 'yan kallo suna tafa masa.

Da na kwance bandejin, tsinken ne kawai ya faɗo da guntun farin zaren. Sauran ya koma ciki.

Goya shi na yi har gida. Kafin kwana uku ƙafar ta kumbura har gwiwa, ta yi sheƙi, jikinsa ya ɗauki zafi. Kakarsa ta yi ta shafa ganye, bai yi ba. Na ari keken hedimasta muka kai shi bakin titi, muka jira motar doya ta kai mu asibiti a Keffi. Aka tsaga, aka matse ruwan da ya taru. Malamin asibitin ya tambayi mahaifin yadda aka yi tsutsar ta tsinke. Ina tsaye a wurin. Mutumin ya ce, "Yaro gudu ta yi." Bai ƙara ko kalma ba, bai kuma dube ni ba.

Ya rayu, amma idon sawun ya sandare, tafin ƙafar ya karkace. Da muka dawo na je gidansu da niyyar ba da haƙuri. Na tarar da mahaifin yana gyara ƙotar fartanya. Na yi ta zuba bayani, ya bar ni har na gaji. Sannan ya ce, "Da mai gari ya ce kowa ya ba da yaro makaranta, ni ban ɓoye nawa ba. Da ƙafa biyu na ba ka." Ya ci gaba da aikinsa.

Yaron bai koma aji ba. Ƙannensa biyu ma aka cire su, wasu gidajen suka bi sahu. Iyayen sauran suka ce 'ya'yansu su yi karatu amma kada su taka fili. Ciyawa ta cinye filin, igiyoyin tsalle suka koma ɗaurin awaki. Hedimasta bai kai ƙarata ba, ya dai nema mini canjin wuri a ƙarshen shekara.

Ranar da zan tafi, ina ɗauke da akwatina na bi ta ƙofar gidan su yaron. Yana zaune a tabarma cikin tsofaffin mata yana ɓarar gyaɗa, sa'o'insa duk suna gona. Yana ganina ya laluba sandarsa, ya dafa bango, ya miƙe da ƙyar don ya gaishe ni a tsaye. "Sauka lafiya, Malam." Na gyara ɗaukar akwatina na wuce.

Na koyar shekara talatin da wani abu bayan nan, kuma ban daina fitar da yara fili ba, don na ga abin da wasa ke yi wa jikinsu da hankalinsu. Amma ban sake busa usur ba sai na bi layi na duba ƙafafu, na tambayi wanda bai karya ba da wanda ya kwana da zazzaɓi. Ƙaramin yaro ba ya cewa malaminsa a'a, don haka "zan iya" ɗinsa ba izini ba ne.

Na koma neman ƙauyen bayan birni ya zo. An tashe su, wurin ya zama gidaje da shaguna, babu wanda ya san inda iyalin suka nufa. Idan yaron yana raye yanzu ya yi jikoki. Na nemi gafarar mahaifinsa ban samu ba. Shi kuwa yaron, ban ma taɓa tunanin in nemi tasa ba sai da lokaci ya wuce.