Goggo Mai Fenti da Hannun Roba

Injin yankan kwali ne, a wurin aikina a nan ƙasar Turawa, ya cinye min hannun dama, daga wuyan hannu zuwa yatsu. Ba zan ba da labarin ranar ba, don duk wanda na ba shi sai ya riƙa yamutsa fuska kamar shi aka yanka. Abin da ya fi ciwon cin raina shi ne 'yata. Shekararta huɗu a lokacin, muna ce mata Mage saboda hawan jikin mutane. Tun da na fito daga asibiti ta daina zuwa inda nake. In na shigo falo sai ta zame bayan kujera, ta leƙo ni da ido ɗaya.

Likita ya ce in aka yi min hannun roba za ta saki jiki. Aka tura ni wani sashe a bayan asibitin, inda ake haɗa ƙafafu da hannuwa. Ma'aikacin da na tarar, wani saurayi Bature mai fara'a, ya buɗe kwali ya ɗauko hannu ruwan hoda, sumul, ya ce wannan shi ne kalar fata.

Na ce, "Fatar wa?"

Ya dube ni, ya dubi hannun, kunnuwansa suka yi ja. Ya ce akwai mai duhu, amma sai an yi odarsa daga kamfani. Na jira har na gaji, sannan ya iso. Baƙi ne ƙirin gaba da baya, kamar an tsoma shi a baƙin mai. Na sa shi na tafi gida, don ba ni da yadda zan yi. Mage na ganinsa ta ƙwalla ƙara, ta saki fitsari a tsaye. Washegari na koma na dangwara musu abinsu a kan tebur, na faɗi maganganun da ba zan maimaita a nan ba. Ni dama ba a san ni da sanyin baki ba.

Saurayin ya bari na gama, sannan ya ce, "Ɗauki hannun ka hau sama, ɗaki na ƙarshe. Ka nemi mai fenti."

Ɗakin ƙarami ne, amma taga ta cinye bango guda. Akwai fitila a rufin, ban taɓa ganinta a kunne ba. A kan tebur ga bututun fenti, ga kwalabe, ga buroshi masu gashi kamar na girar jariri, ga tsinken sakace cike da gwangwani. Wata tsohuwa ce zaune a gaban tagar, gajeriya, baƙa sosai, sanye da rigar maza da fenti ya ɓata, gilashinta ɗaure da igiya. Ma'aikatan asibiti suna ce mata mai fenti. Mu da muke hawa wurinta da dungu da sanda, Goggo muke ce mata.

Ta karɓi hannun ta juya shi, ta dubi cikinsa, sai ta fashe da dariya har da tari.

"Ɗan nan, miƙo min na hagun."

Na miƙa. Ta kifar da shi, ta buɗe shi, ta ajiye na robar a gefensa.

"Ka gani? Naka baya baƙi, ciki fari-fari da ja-ja. Nasu ko'ina baƙi. Wanda ya yi wannan bai taɓa gaisawa da baƙin mutum ba. Daga nesa ya hango mu, ya ce ai baƙi baƙi ne."

Na tsaya ina kallon tafin hannuna kamar ranar aka ba ni shi. Ta bi gefen yatsana da tsinke, ta nuna min inda duhun baya yake haɗuwa da hasken ciki, layi siriri da ba ya tafiya a miƙe. Ta nuna min zanen cikin tafin, yadda ya fi kewayensa duhu. Na haura arba'in ina cin abinci da hannun nan, ina wanke fuska da shi, ban taɓa lura ba. Kunya ta kama ni, da wani abu mai kama da tsoro.

Ta ce a kawo mata sabon hannu marar launi, ita za ta yi masa fata. Sharaɗinta shi ne in riƙa zuwa da hantsi in zauna, don hasken fitila maƙaryaci ne. Haka na zama ɗan gidan Goggo. Ina zaune da hannuna a kan matashi, tana dama launi a kan farantin gilashi, tana ba ni labarinta guntu-guntu, in ta ga dama.

Mahaifiyarta guga take yi wa mutane. Ita kuwa tun tana yarinya ba ta barin bango ko bayan kwali ya huta, har ta samu shiga makarantar koyon zane, ita kaɗai ce baƙa a ajin. Malaminsu, in ji ta, dattijo ne mai kirki. Ya koya musu yadda ake haɗa launin fata: fari da yawa, ɗan ja, ɗan rawaya. Ta koma gida ta zana mahaifiyarta tana guga. Ya duba ya ce zanen ya yi kyau, amma fuskar ta ɓace a inuwa, ta ƙara fari. Ta ƙara.

"Sai ga uwata ta koma toka," in ji Goggo. "Kamar wadda ta kwana biyu a ɗakin ajiye gawa. Da na nuna mata, cewa ta yi, 'Wace ce wannan baiwar Allah, me ya same ta?'"

Sai ta tafi babban gidan da ake rataye zanen manyan gwanaye, don ta ga yadda suka yi da irinmu. Ta same mu, ta ce, amma a gefe. Wannan yana riƙe da linzamin doki, waccan tana riƙe da laima a kan wata uwargida. Rigar uwargidan an yi mata launi iri-iri, har karen da ke ƙafarta an bi gashinsa ɗaya bayan ɗaya. Mai laimar kuwa shafe guda ne na baƙi, da fararen idanu biyu.

"Ba iyawa ce ba su yi ba, ɗan nan. Mutumin da ya zana raɓa a kan inabi zai kasa zana kumatuna? Ba su zaunar da mu kusa da taga ba ne."

Ba ta gama makarantar ba. Ranar da aka kawo rawani da faranti aka ce ta hau kan dakali ta tsaya kamar baiwa 'yan ajin su zana ta, ta ɗauki jakarta ta fita, ba ta sake komawa ba. Ta samu aiki a kamfanin da ke yin mutum-mutumin da ake sa wa kaya a tagogin shaguna. Ƙuruciyarta duk a nan ta ƙare, tana shafa jan kumatu da shuɗin ido.

"Ni da ban taɓa haihuwa ba," ta ce, "na haifi Turawa ba adadi. Duk suna tsaye a shaguna, ko ɗaya bai taɓa zuwa gaishe ni ba."

Wata rana cikin bas, ana zafi kamar a tanda, ta ga wata baƙar mata sanye da doguwar safar hannu. Da direba ya taka burki safar ta zame, sai ga farin hannun roba, matar ta yi wuf ta rufe shi. Goggo ta bi ta har inda ta sauka. Matar ta zaci ɓarauniya ce, ta kusa tara mata jama'a. Daga ƙarshe a kicin ɗin Goggo aka yi wa hannun matar fenti, shi ne na farko. Daga nan mai dungu ya faɗa wa mai ƙafar roba, har asibiti suka ji labari suka ba ta ɗakin nan.

A bangon da ke bayanta an liƙa ƙananan yankan roba, kowanne da launin wani da ya taɓa zama inda nake zaune. Na sha kallonsu baki buɗe. Akwai mai ruwan zuma, akwai mai ja a ƙarƙashi, akwai wanda in rana ta haske shi sai ka rantse shuɗi ne. Babu biyu da suka zo ɗaya. Duk rayuwata ana ce min baƙi, ni ma ina cewa baƙi, ban san kalmar tana ɗauke da mutane haka ba.

Abin da ya fi ɗaure min kai shi ne bututun baƙin fenti. Yana nan a kan tebur, murfinsa ya bushe, ba ta taɓa shi ba. Ja ta fara shimfiɗawa, sannan rawaya, sannan wani kore da na ce mata in ta mayar da ni ƙadangare ba zan yafe ba. Ta ce in rufe mata baki. Ta ɗora shuɗi siriri a inda jijiyoyi suke, ta duhunta gaɓoɓin yatsu, ta yi wa farce ɗan farin watansa. Ina kallo, a hankali, robar ta daina zama roba. Wata safiya na shigo na ga hannuna kwance a kan tawul, sai da na dafa bango. Na ga likitoci sun yi abin mamaki, amma ban taɓa jin kwarjinin wani mutum kamar na tsohuwar nan mai igiya a gilashi ba.

Na ce, "Goggo, ai an gama. Ba ni abina."

"Wa ya ce maka? Na hagu na kwafa, ban taɓa ganin na daman ba. Wa ya fi kowa saninsa?"

Na ce ni mana.

"Kai? Kai da ba ka san kalar tafinka ba? Kawo min yarinyar."

Na ce mata in Mage ta sake yin ƙarar nan, ni da hannun roba har abada, kuma ban san yadda zan ƙara shiga gidana ba. Ta ce ta ji, in kawo ta.

Matata ce ta riƙo ta. Mage ta maƙale a bayan uwarta, ni kuma Goggo ta kora ni can kusurwa na zauna a kan benci. Ba ta kira yarinyar ba. Ta ci gaba da wanke buroshi tana mita ita kaɗai, wai aiki ya gagare ta, ta tsufa, an ba ta hannun wani mutum ta gyara ta rasa abin da ya rage. Mage ta leƙo. Ta matso taku kaɗan. Ta ɗaga dunduniya ta dubi kan tebur.

"Na Baba ne?"

"Oho. Ni ina na sani? Ke za ki faɗa min."

Yarinyar ta daɗe tana kallo.

"Ba nashi ba ne," ta ce. "Nashi yana da ɗigo a nan."

Ta nuna gindin babban yatsa. Matata ta rufe baki da hannu. Wallahi akwai ɗigon, ɗan tawadar Allah ne ƙarami, ni kaina na manta da shi.

"Ashe!" in ji Goggo. "Shi ya sa. To zo ki sa, idona ba ya gani."

Ta ɗora ta a cinya, ta dama launin, ta ba ta tsinke, ta riƙe mata wuyan hannu. Mage ta fito da harshe gefe guda, ta ɗiga. Ta ja baya ta duba, ta ƙara kaɗan.

Sannan ta sauko, ta ɗauki hannun da tawul ɗinsa, ta taho da shi a hankali kamar mai ɗauke da kofin da ya cika.

"Baba, ungo hannunka. Kar ka taɓa nan, bai bushe ba."

Goggo ta ce ba za a sa ba sai gobe.

"To miƙo in gwada," in ji Mage.

Na zaro dungun daga cikin hannun riga. Tun da abin ya faru ba ta taɓa yarda ta kalle shi ba. Ta ajiye hannun a kan gwiwata, ta kama dungun da yatsunta duka, ta jawo shi ta daidaita. Robar ba za ta taɓa jin komai ba, na sani. Amma dungun yana ji, kuma yatsunta da ɗumi.