Gangar da Ta Ƙi Wankuwa

Shekara ashirin da takwas ya yi yana wanke ganguna a masana'antar rigunan ruwa, har sunan ya bi shi: Baban Ganga. A cikinsu ake kawo wani asid mai sinadarin fulorin, wanda ake sarrafa yadi da shi don kada ruwa ya kama shi. Aikinsa buroshi, sabulu, ɗauraya bakwai. Da ya ajiye aiki aka ba shi shuɗiyar gangar roba ɗaya kyauta. Ya girke ta a tsakar gida, a ciki iyalinsa ke tara ruwan sha.

Kwatsam hukuma ta haramta asid ɗin. Autarsa, wadda ta karanta ilimin sinadarai, ta shigo da takardar a hannu.

"Baba, abin nan ba ya ruɓewa. Fulorin ya riƙe sinadarin kabon da ke cikinsa ƙam, rana ba ta raba su, balle sabulu. Yana nan a jikin robar, mu kuma muna sha, ga shi yana jawo cuta."

"A gangar da ni na wanke?" in ji shi. "Auta, karatun ne ya kawo raini?"

Maganar cuta ba ta ko shiga kunnensa ba. An ce bai iya wanki ba, wannan ya ji. Kwana uku yana dirzar ganga, rabin jikinsa a ciki, ƙafafu a waje.

"Malam, tunda abin ya motsa, ga kwanuka ma," in ji matarsa.

Ya kira maƙwabta suka shinshina, kowa ya ce tas take. Auta dai ta kawo ma'aikacin hukuma, ya ɗebi ruwan gangar, ya ɗebi jinin Baba. Bayan mako biyu ya dawo da motar ɗaukar kaya, ya ce:

"Baba, akwai shi a ganga. Amma na jininka ya ninka shi."

Baba ya dubi gangar. Can sai fuskarsa ta washe.

"Wato ganga ta fi ni tsabta?"

"To... kusan haka ne."

"Kun dai ji da kunnenku! Rubuta min, yaro, ka buga hatimi."

Sai da aka rubuta sannan ya tuntsurar da ruwan, ya ɗora gangar a mota da kansa, ya gargaɗi direba kada ya ƙazanta ta. Takardar kuwa ya liƙa ta a bangon ɗaki.

Matarsa ta daɗe tana kallonsa, idonta ya ciko.

"Kai kuma wa zai wanke ka, Malam?"

Ya dubi buroshin da ke hannunsa, ya dubi Auta. Auta ta sunkuyar da kai.